Faifai Lafiya Lau, Babu Mai Karantawa: Nazarin Aikin Domesday na BBC

A watan Nuwamban 1986 BBC ta fitar da wasu manyan faifai guda biyu, kowanne faɗinsa inci 12. An zuba musu taswirorin Birtaniya kaf, da alƙaluman ƙidayar jama'a ta 1981, da dubban hotuna, da bidiyon labarai, da rubutun da talakawan ƙasar suka yi a kan garuruwansu da unguwanninsu. Mutum fiye da miliyan ɗaya ne suka sa hannu a aikin, yawancinsu 'yan makaranta, kuma ya lashe kimanin fam miliyan 2.5. Kafin a cika shekara 16, injinan da ke iya buɗe faifan sun zama na ƙirgawa da yatsu. Tun daga nan, duk inda ma'aikatan laburare da gidajen tarihi suka zauna zancen adana bayanan dijital, sai sunan wannan aiki ya fito.

Yadda aka saba ba da labarin shi ne fasaha ta tsufa, faifai ya mutu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Faifan suna nan da yawansu, bayanan ma an ceto su ba sau ɗaya ba. Abin da aikin ya rasa tun ranar farko shi ne uban gida, wato hukumar da aka ɗora wa alhakin kula da shi, da kasafinta, da takardun izini a hannunta.

Asalin aikin

A ƙarshen 1085 Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi shekara 19 kafin nan, ya ba da umarni a zaga ƙasar a rubuto wa ke da wace gona, garma nawa, dabbobi nawa, kuma nawa ne darajar kowace ƙasa, saboda haraji. A 1086 aka yi zagayen. Kundin da ya fito, wanda ake kira Domesday, an rubuta shi da Latin a kan fatar tumaki, ya ambaci wurare sama da 13,000, kuma har gobe yana Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew a yammacin Landan. Wanda ya iya Latin da salon taƙaita kalmomi na marubutan zamanin zai karanta shi da idonsa.

Da cikar kundin shekara 900 ta matso, sai wani furodusan BBC mai suna Peter Armstrong ya kawo shawarar a sake irin wannan zagaye, amma wannan karon jama'a su rubuta kansu da kansu. Lokacin ya dace. A farkon shekarun 1980 BBC ta yi wani shiri na koyar da jama'a kwamfuta, kamfanin Acorn ya ƙera mata kwamfutar BBC Micro, kuma wannan kwamfuta ta shiga mafi yawan makarantun ƙasar. Ke nan akwai masu rubutu, akwai abin rubutu. Aka haɗa hannu da kamfanonin Acorn da Philips da Logica, Tarayyar Turai ta wancan lokaci ma ta ba da gudummawar kuɗi.

Aka yanka taswirar ƙasar gida-gida, kowane gida kilomita 4 a tsawo, 3 a faɗi, daidai da siffar allon talabijin na lokacin. Gidajen sun kai kimanin 23,000, kuma an samu masu ɗaukar kimanin 9,000 daga ciki: makarantu, ƙungiyoyin mata, ƙungiyoyin sa-kai na unguwa. Kowane gida an yarje masa hotuna uku da shafi 20 na rubutu. Yara suka fita a 1985 da littattafan rubutu da kyamara, suka dawo suka buga abin da suka gani a kwamfutar makaranta, malamai suka aika wa BBC a faifan fulofi. Abin da aka tara ya kusa shafi 148,000 da hotuna fiye da 23,000. Wannan shekara ce da yajin aikin masu haƙar kwal ya ƙare, masana'antu na rufewa, rashin aiki ya yi katutu. Samun muryar yara da iyayensu a irin wannan lokaci, daga ƙauyuka da lungunan da ɗan jarida ba ya zuwa, ba ƙaramar dukiya ba ce ga masanin tarihi.

Yadda aka zuba bayanan

Sai an fahimci yadda faifan yake kafin a fahimci yadda ya kulle.

Faifai ɗaya na al'umma ne, shi ke ɗauke da rubutun jama'a da hotunansu da taswirori. Ɗayan na ƙasa ne, yana da alƙaluman ƙidaya da na gwamnati, da hotunan ƙwararru, da maƙaloli, da bidiyon labarai, har da wasu wurare da mutum zai yi ta latsawa yana ganin kamar tafiya yake a cikin gari ko gona, hoto bayan hoto. An yi wannan fiye da shekara 20 kafin Google ta fito da taswirar da ake yawo a tituna.

Irin faifan shi ne LaserDisc, amma a wani tsari na musamman da ake kira LV-ROM. Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: hotunan ba dijital ba ne. Kowane hoto, kowace taswira, an ajiye su ne a matsayin firam guda na bidiyon talabijin irin na da, wato hoto ɗaya tsayayye daga jerin hotunan da ke yin bidiyo, kuma kowace fuskar faifai tana ɗaukar firam har 54,000. Rubutu da alƙaluma da manhaja su ne dijital, an cusa su a gurbin da aka tanada don sauti, kimanin megabayit 300 a kowace fuska. In mutum ya nuna wani ƙauye a taswira, kwamfuta za ta duba jerin da ke cikin bayanan dijital, ta gano lambar firam ɗin da ya dace, ta umarci injin faifai ya tsallaka can, sannan ta ɗora rubutu a kan hoton da ke allo.

Don haka abu uku ne dole su haɗu kafin a ga komai: injin Philips samfurin VP415, wanda kusan don wannan aiki kaɗai aka ƙera shi, kwamfutar da ta dace, galibi BBC Master da aka yi wa ƙarin kayan ciki na musamman, da manhajar da aka rubuta da harshen kwamfuta mai suna BCPL, wanda tun lokacin ma ya fara ja da baya. Ɗaya ya ɓace, sauran biyun sun zama kayan ado.

Nan ne batun siffanta bayanai ya shigo, wanda shi ne gwanintar ma'aikacin laburare. A ce mutum ya yi dabara ya kwafe duk firam ɗin da ke faifan. Abin da zai samu shi ne hotuna dubu goma-goma marasa suna: coci, kanti, yara a filin wasa, gada. Wace gada? A wane gari? Wa ya ɗauka? Amsar ba ta jikin hoton. Tana cikin jerin lambobin da manhaja kaɗai ta san yadda ake warware su. A ɗakin karatu na gargajiya, kati ko rajista na nan daban, kowa na iya karantawa ko da littafin ya ɓata. A Domesday, rajistar da kayan da mabuɗin duk an kulle su a ɗaki ɗaya.

Bai kamata a yi wa masu aikin dariya ba, domin zaɓin da ke gabansu kaɗan ne. Faifan CD-ROM sabo ne a lokacin, kuma bai wuce megabayit 650 ba. Tsarin matse hoto na JPEG bai fito ba sai 1992, kuma hoto ɗaya mai launi da ba a matse ba yana cin fiye da megabayit guda, ke nan CD ba zai ɗauki fiye da 'yan ɗaruruwa ba. Kwamfutar kanta ƙwaƙwalwarta kilobayit 128 ce. Shafukan intanet kuwa ba a ma ƙirƙiro su ba tukuna. Duk wanda ke son hotuna dubu hamsin a faifai guda a 1985, LaserDisc ne kaɗai hanyarsa.

Kasuwa ta ƙi

Cikakken saitin, injin faifai da kwamfuta da allo da faifan biyu, ya kai kimanin fam 5,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Makarantun da yaransu suka yi rubutun, yawancinsu ba su iya saye ba. Saiti kimanin 1,000 aka sayar. Akwai ɗimbin yaran da suka girma ba su taɓa ganin shafin da suka rubuta a kan allo ba, kuma a ganina wannan ita ce hasara ta farko, tun kafin a zo maganar tsufan inji.

Ƙarancin ciniki ya gaggauta komai. Abin da ya yaɗu a duniya, ko ya tsufa ana samun mai gyara da kayan gyara, kamar yadda har yanzu ake samun abin karanta CD. Abin da aka ƙera dubu ɗaya kacal, ranar da kamfani ya daina yin sa, ranar ce aka fara ƙirga kwanakinsa. Tsarin LV-ROM bai samu karɓuwa ba, CD-ROM ya mamaye kasuwa, injinan VP415 suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya a ɗakunan ajiyar makarantu da laburare. Duk wanda ke da kaset ɗin bidiyon bikin aurensa na shekarun 1990 a ƙasan akwati, ba shi da injin kunnawa, ya san irin wannan ciwo.

Akwai kuma giɓin doka. Da a ce littafi aka buga, da dokar ajiye kwafi ta tilasta a kai wa Laburaren Birtaniya, kuma wasu manyan laburare biyar, ciki har da na Oxford da Cambridge, suna da ikon neman nasu kwafin. Dokar lokacin ba ta san faifan kwamfuta ba. Sai a 2003 majalisa ta yi sabuwar doka da ta buɗe ƙofa ga abin da ba a takarda aka buga ba, kuma sai a 2013 aka fara aiki da ƙa'idojinta. Domesday ya faɗo a tsakiya: ba littafi ba ne da laburare zai ce nasa ne, ba takardar gwamnati ba ce da ma'ajiyar ƙasa za ta karɓa kai tsaye, ba shirin talabijin ba ne da rumbun BBC ya saba adanawa.

Masu ceto

A watan Maris na 2002 jaridar Observer ta buga labarin cewa kundin fata ya yi shekara 900 ana karanta shi, na dijital kuwa shekara 15 kawai ya yi. Labarin ya zaga duniya. A lokacin tuni wasu sun duƙufa.

Na farko su ne masu bincike na jami'o'in Leeds a Ingila da Michigan a Amurka, a wani shiri mai suna CAMiLEON. Hanyarsu ita ce kwaikwayon inji. Maimakon su sauya bayanan, sai suka rubuta manhajar da ke sa kwamfutar zamani ta yi kamar ita ce tsohuwar BBC Master haɗe da injin faifai, ta yadda manhajar asali za ta yi aiki ba tare da ta san an yi mata sauyin gida ba. A watan Disamban 2002 suka nuna yana aiki. Amfanin wannan hanya shi ne mutum ya ga abin yadda ɗan makarantar 1986 zai gan shi, da launinsa da yadda ake shiga da fita. Amma ba a saki manhajar ga jama'a ba saboda haƙƙin mallaka, kuma da kuɗin shirin ya ƙare a 2003, ma'aikatan suka watse zuwa wasu ayyuka.

Wani injiniya mai suna Adrian Pearce ya bi ta wata hanya, wato kwashe bayanan zuwa sabon tsari. Ya shafe fiye da shekara yana warware yadda aka jera bayanan faifan al'umma, sannan ya rubuta sabuwar manhaja da ke aiki a Windows. An girka ta a Kew don masu ziyara, kuma a 2004 aka ɗora ta a intanet. Game da hotuna, an gane cewa da tsohuwar zuma ake magani: Andy Finney, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin tun farko, ya koma ga manyan kaset ɗin bidiyo na asali masu faɗin inci ɗaya, waɗanda daga su aka buga faifan, aka kwafe su zuwa dijital a 2003. Hotunan da suka fito daga nan sun fi na faifan kyau.

Pearce ya rasu a 2008, kuma ba a daɗe ba aka sauke shafin.

Wannan ne wurin da ya fi cancanta a tsaya a duba. Aikin da aka ceto daga mutuwar inji ya sake ɓacewa daga idon jama'a bayan shekara huɗu, wannan karon saboda ya rataya a wuyan mutum ɗaya. An gudu ba a tsira ba. Na Leeds ya tsaya da ƙarewar tallafi, na Pearce ya tsaya da ƙarewar kwana. Babu ɗaya daga cikinsu da fasaha ta kayar.

A 2011, da aikin ya cika shekara 25, BBC ta buɗe shafin Domesday Reloaded, ta zuba rubutu da hotunan faifan al'umma, ta kuma gayyaci jama'a su aiko da yadda wuraren suka koma. Manya masu 'ya'ya suka shiga suna neman abin da suka rubuta suna firamare. A wannan shekarar aka girka wani babban tebur mai allon taɓawa a gidan tarihin kwamfuta na ƙasa da ke Bletchley Park, kusa da saitin asali mai aiki. Daga baya BBC ta daina kula da shafin, kwafinsa ya koma rumbun shafukan intanet na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa. Wannan ci gaba ne, domin shafin ya shiga hannun hukumar da aikinta ke nan. Sai dai shafin da aka daskarar a rumbu ba ya yin duk abin da mai rai ke yi, musamman bincike da taswirar da ake latsawa, alhali Domesday tun asali ta taswira ake shigarsa.

Izinin da ba a nema ba

Faifan ƙasa, mai alƙaluma da hotunan ƙwararru da bidiyo, bai samu ko irin wannan sa'ar ba, kuma dalilin ba na injiniya ba ne. Kayan da ke ciki na masu su ne daban-daban: kamfanonin hoto, jaridu, hukumomin gwamnati, masu bincike, hukumar taswira. Izinin da aka karɓa a wurinsu na buga faifan 1986 ne. Ba wanda ya rubuta sharaɗin kwafewa don adanawa ko ɗorawa a wata hanyar da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Ita ma manhajar da ke cikin kwamfutar tana da masu ita, kuma kamfanin Acorn ya daɗe da rushewa.

A dokar Birtaniya haƙƙin mallakar rubutu da hoto yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Yaron da ya rubuta shafinsa yana ɗan shekara 10 a 1985, yanzu ya kai 50, kuma in Allah ya ba shi tsawon rai, haƙƙinsa zai haura ƙarshen wannan ƙarni. Bin mutum dubbai ɗaya bayan ɗaya ana neman sa hannu aiki ne da babu kasafin da zai ɗauka. Tun ran gini ran zane: layi biyu a takardar da aka raba wa masu ba da kaya a 1985 da sun wadatar.

Laifin wa?

Waɗanda suka yi aikin ba su ji daɗin yadda aka mai da su abin misali na rashin hangen nesa ba. A 2008 ɗaya daga cikinsu, Mike Tibbets, ya rubuta martani inda ya ce sun san injin ba zai daɗe ba, shi ya sa suka miƙa kwafin bayanan da takardun fasaha ga wata ma'ajiyar bayanai ta ƙasa, amma da aka zo nema daga baya ba a ga abin da suka miƙa ba. A wurinsa, tsarin adana kayan tarihi na ƙasar ne ya gaza, ba injiniyoyi ba.

Ina ganin yana da hujja, amma ba ta wanke kowa ba. Miƙa akwati ba shi ne adanawa ba. Dole mai karɓa ya shigar da abin a rajista, ya san yana da shi, ya riƙa duba lafiyar fayilolin lokaci zuwa lokaci, ya sauya musu mazauni kafin tsohon ya mutu, kuma ya riƙe bayanin da zai sa wanda ba a haifa ba tukuna ya gane yadda ake karanta su. Ma'aunin duniya na rumbun adana bayanan dijital, wanda ake kira OAIS kuma aka amince da shi a 2003, ya sa wannan bayani na yadda ake karantawa cikin abubuwan da dole a ajiye tare da kayan. A 1986 babu wannan ma'auni, babu kuma wata yarjejeniya da ta ce idan injin ƙarshe ya mutu, wane ne zai tashi. BBC ta ɗauki Domesday a matsayin haja da za a sayar, kamfanoni suka ɗauke shi talla ga injinsu, ma'ajiya kuma ta ɗauke shi ajiya kamar kowace. Da haja ta ƙi tafiya, kowa ya kama gabansa.

Halin da ake ciki

Su kansu faifan yanzu sun fara tsufa. LaserDisc na da wata cuta da ke cin siririn ƙarfen da ke cikinsa, hoto ya fara yin ɗigo-ɗigo har ya lalace. Saboda haka wasu masu sha'awa, ƙarƙashin wani shiri mai suna Domesday86 da injiniya Simon Inns ya jagoranta, suka ƙera wata na'ura, Domesday Duplicator. Ba hoto take kwafewa ba. Tana kama ɗanyen sigina ne kai tsaye daga idon laser, kafin injin ya fassara shi zuwa hoto ko rubutu, ta ajiye shi a fayil, sai wata manhaja mai suna ld-decode ta warware shi. Idan faifai ɗaya ya lalace a wani wuri, sai a kama wasu kwafin a haɗa, inda wannan ya rasa wancan ya cike. Zanen na'urar da manhajar duk a buɗe suke ga kowa, don haka ko masu su sun bari, wani na iya ɗorawa.

Dabarar ta wuce Domesday. Daga ld-decode aka samo vhs-decode, wanda masu adana bidiyo ke amfani da shi yanzu wajen ceto kaset ɗin VHS da makamantansu. Faifan ƙasa kuwa, wanda ke son ya yi yawo a cikinsa kamar yadda aka tsara, hanyarsa mafi tabbas har yanzu ita ce ya je Bletchley Park ko cibiyar tarihin kwamfuta da ke Cambridge, inda masu sa-kai ke lallaɓa tsofaffin injinan da suka rage.